Cutar da aka ce ba ta taɓa hankali

Jama'a, wanda ya taɓa kallon bidiyon Muhammad Ali yana kunna wutar Olamfik a Atlanta a 1996, hannunsa na karkarwa, ya ga cutar Parkinson yadda kowa ya san ta. Amma akwai ɓarnar da take yi wadda kyamara ba ta ɗauka, kuma sai da aka haura shekara 170 kafin a samu hotonta. Ku biyo ni 🧵

A 1817 wani likita a Landan, James Parkinson, ya fitar da ɗan littafi kan mutum 6. Uku daga cikinsu ma a titi ya gan su. Ya kwatanta karkarwar, da sunkuyawar, da takun nan mai ƙara sauri kamar mutum zai kifa. Sannan ya ce hankali kam yana nan lafiya lau.

Charcot na Faransa, wanda ya raɗa wa cutar sunan Parkinson, ya lura cewa idan tafiya ta yi nisa tunani kan dushe. Amma maganar farko ta riga ta zauna: ciwon jiki ne kawai.

To wane tunani ake nufi? An karanto maka lambar katin waya, ka riƙe ta a ka har ka gama dannawa. Ko kana lissafin canji mai shago na yi maka surutu. Wannan ɗan riƙon ƙwarya na 'yan daƙiƙu, ka riƙe abu kana juya shi, shi ne Baddeley da Hitch suka tsara bayaninsa a 1974. Daban yake da tuna sunan ƙauyenku.

Kafin nan an gano sinadarin da ke ƙarewa. A 1957 Arvid Carlsson na Suwidin ya ba zomayen da magani ya sandarar L-dopa, suka miƙe. A 1960 Hornykiewicz a Austiriya ya auna ƙwaƙwalwar mamatan da suka yi cutar, ya tarar dofamin ya ƙafe a wasu curarrakin ƙwayoyin jijiya da ke can tsakiya. Babban aiki ne, sai dai gawa ba ta lissafin canji.

A 1979 Patricia Goldman-Rakic da abokan aikinta a Amurka suka rage dofamin a gaban ƙwaƙwalwar birai, daidai bayan goshi. Birin ya kasa riƙe gefen da zai nemi abinci na 'yan daƙiƙu, kusan kamar an yanke wurin ne. Da aka ba shi L-dopa ya farfaɗo. Don haka ido ya koma kan goshi.

Nan ne labarin ya yi mini daɗi wallahi. A 1998 Adrian Owen da abokansa a Montreal ta Kanada suka sa marasa lafiya a na'urar PET, mai bin sawun jini a ƙwaƙwalwa, suna wasan jera ƙwallaye masu launi da riƙe wuraren da suke. Da aka gwada da masu lafiya, babban bambancin bai fito a goshi ba. Can ciki ya fito, a mafitar curarrakin nan da aka ɗauka aikinsu motsi ne.

Ashe tun 1986 Alexander, DeLong da Strick sun zana taswirar: goshi da tsakiyar ƙwaƙwalwa layuka ne ke haɗa su, saƙo ya je ya dawo, wani layin na motsi, wani na tsara tunani. Kamar gidan da wayoyinsa ke lafiya amma taransifomar unguwa ta samu matsala.

Sai fMRI ta shigo. Seiji Ogawa ya nuna a 1990 cewa maganaɗisu na iya bambance jini mai iskar oksijin da wanda ya sauke ta, ba sai an yi allurar sinadari mai tururin nukiliya ba.

A 2003 Simon Lewis, Owen da sauransu a Kambirij suka raba masu cutar a matakin farko gida biyu: masu tangarɗar tsara tunani da marasa ita. A nuna maka haruffa, ka riƙe, sannan a ce ka sake jera su a ka. A wajen juyawar nan, rukunin farko suka nuna raguwar aiki a goshi da kuma can ciki. Mutum biyu, jikinsu kusan mataki ɗaya, hoton ƙwaƙwalwarsu daban.

Kada ku ce an gama fa. A 2002 Mattay da abokansa a Amurka sun ga akasin haka: in babu magani a jiki, ƙwaƙwalwa ta fi kunna wurare da yawa don aiki iri ɗaya, kamar tsohuwar mota mai zuƙar mai. To raguwar haske ce alamar ciwo, ko ƙaruwarsa? Ni dai tun da na karanta wannan na daina saurin yarda da hoton ƙwaƙwalwa mai ja da ruwan ɗorawa da ake yawo da shi a intanet. Jini na'urar ke aunawa, fassarar kuma ta mutum ce.

Maganin ma kamar gishiri yake a miya. Cutar ba ta cinye dofamin bai ɗaya a ko'ina, don haka adadin da ya gyara layin da ya ƙafe yana iya yin yawa a layin da ke da sauran ƙarfi. Roshan Cools ta nuna a 2001 cewa L-dopa kan taimaka wajen sauya aiki zuwa wani, amma ya dagula koyon cewa dokar wasa ta juye.

Abin da ba a cika faɗa ba: don a samu hoton ƙwaƙwalwa babu magani, sai mara lafiya ya ajiye ƙwayarsa tun dare. Da safe a kawo shi jiki a sandare, a zura shi cikin bututu mai ƙara, a roƙi mutumin da ciwonsa karkarwa ne kada ya motsa kai, yana jera haruffa.