Yadda Zarnin Garke Ya Shiga Unguwannin Khartoum

Kafin firiji ya wadata, madarar da aka tatsa da asuba a Khartoum ba ta kai azahar ba ta lalace ba, domin a watannin Mayu da Yuni zafi kan haura digiri 40. Saboda haka dole saniya ta kwana kusa da mai shan madararta. Wannan larura ita ce asalin garkunan da suka kewaye Khartoum da Omdurman da Bahri, da kuma warin da makwabtansu ke kuka da shi.

Da can shanun Kenana da Butana, waɗanda suka fi kowane irin shanun Sudan nono, kiwon daji suke yi. Kashinsu na warwatse a fili, rana ta busar da shi. A farkon shekarun 1960 aka kafa shirin madara na Hillat Kuku a gabashin Bahri da tallafin Amurka, aka fara tara shanu masu yawa wuri guda. Sannu a hankali aka riƙa haɗa shanun gida da Friesian na Turai. 'Ya'yan da aka samu sun fi ba da madara, amma ba sa jure doguwar tafiya cikin rana, sai a turke su, a kawo musu ciyawar barsim da dawar Abu Sab'in da ƙuli-ƙulin gyaɗa.

Fari na 1984 zuwa 1985 ya koro dubban makiyaya daga Kordofan da Darfur zuwa yammacin Omdurman, wajen Muwailih, inda babbar kasuwar dabbobi take. Birni ya yi ta faɗaɗa, garkunan da a da suke bayan gari suka wayi gari a tsakiyar gidaje.

Turke shi ya canza lissafi. Saniyar da ke cin abinci mai gina jiki da yawa tana fitar da rararsa ta fitsari. Da fitsarin ya haɗu da kashi a ƙasa ɗaya, wani sinadari daga ƙwayoyin halittar da ke cikin kashin zai narka shi ya zama iskar amoniya cikin 'yan sa'o'i, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Zarnin da ke sa ido hawaye ke nan. Da damina, tsakanin Yuli da Satumba, tulin kashi kan jiƙe ya ruɓe ta ciki, ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi, ƙudaje su yi yawa. Manomi ma yana asara, don abin da ya tashi sama shi ne ƙarfin takin.

Abin da ya daɗe yana rage tulin shi ne masu ƙona jan bulo a gaɓar Shuɗin Nilu, waɗanda ke sayen kashin, wato zibala, su cuɗa da laka. Magina ma suna yaɓe katangar ƙasa da shi. Sai dai wannan ciniki yana kwashe busasshen kashi ne kawai, amoniyar ta riga ta tashi tun a garke.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa gonakin madara da dama. Masu sake gina babban birnin suna da zaɓin da magabatansu ba su samu ba: da motar sanyi da wutar sola, garke na iya zama nesa da gidaje, a yi masa daɓe mai gangare da zai raba fitsari da kashi tun daga tushe.