Sauya Injin Mota: Yadda Ake Gyara Hanyar Mai

An kafa garin Arlit a shekarar 1969 saboda ma'adinin yuraniyom, daga baya Akokan ta tashi kusa da shi. Hatsi da sauran kayan masarufi duk a mota suke isowa waɗannan garuruwa. Daga Arlit zuwa Agadas kimanin kilomita 240 ne, zuwa Asamaka ta iyakar Aljeriya kuwa kimanin 200. Motar da ta mutu a irin wannan hanya tana jefa rayukan fasinjoji cikin haɗari.

Shi ya sa direbobi da yawa suka fi amincewa da tsohon inji mai kafireto, wanda makanikai ke kira karbirater. Kowane makanike yana iya kwance shi ya wanke a gindin itace. Inji mai injekta kuwa kwamfuta ke sarrafa shi, idan ta lalace sai an nemi na'urar bincike. A injunan Toyota, harafin E na ƙarshe shi ke nuna injekta: 22R da 1FZ-F masu kafireto ne, 22R-E da 1FZ-FE masu injekta. Sau da yawa akan cire mai injekta a ɗora mai kafireto, sai mota ta shiga shaƙewa ko mutuwa, mai ita ya ce an sayar masa da mataccen inji. Galibi injin lafiyarsa lau. Hanyar da mai ke bi daga tanki ce ba a sauya ba, alhali don wani inji dabam aka yi ta.

Idan mai ya yi yawa

Motar injekta tana da famfon lantarki, galibi cikin tanki, mai tura fetur da ƙarfin kusan bar 3. Wannan ya wuce iskar da ake busa wa tayar ƙaramar mota. Kafireto kuwa abin da yake bukata bai kai rabin bar ɗaya ba. A cikinsa akwai ɗan kwano da wani abu mai yawo a kan mai, kamar ƙoƙo a bakin randa. Idan kwanon ya cika, abin yakan taso ya danna allura ta toshe ƙofar shigowa. Wannan allura ba ta da ƙarfin tare famfon injekta, don haka mai yakan yi ambaliya.

Alamominsa su ne warin fetur, baƙin hayaƙi, da buji mai jiƙewa ya yi baƙi. A zaro sandar gwada man inji a shinshina. Idan ana jin fetur, ya gangara ya tsinka man, kuma ƙarafan inji sun soma cin juna. Mafi muni shi ne fetur ya ɗiga a kan bututun hayaƙi mai zafi, wuta ta kama.

Gyara mafi sauƙi shi ne a cire famfon daga tanki, a sa bututu mai rariya a baki wanda ya kusa taɓa gindin tankin, a bar ƙaramin famfon da ke jikin inji ya ja mai da kansa. Kada a bar mataccen famfo a ciki, domin yana tare hanya. Idan injin ba shi da famfon jiki, a sayi na lantarki mai ƙaramin ƙarfi wanda aka yi don kafireto. A ɗaura shi kusa da tanki, daga ƙasa, domin irinsa ya fi iya turawa bisa ga tsotsa. Wanda ya nace sai ya riƙe tsohon famfo, dole ya sa na'urar rage ƙarfi mai tiyon mayar da rarar mai cikin tanki. Matse tiyo da waya don a rage mai, kamar yadda wasu ke yi, ganganci ne: tiyon zai fashe ko famfon ya ƙone.

Idan mai ba ya zuwa

Kwamfutar tsohon inji ce ke ba famfo umarnin tashi. Da an cire ta, famfon ya yi shiru. Nan wasu kan haɗa wayarsa kai tsaye da makulli. Motar za ta tashi, amma idan aka yi hatsari tiyo ya tsinke, famfon zai ci gaba da feso fetur ko da inji ya mutu. A ce wa mai haɗa waya ya sa fis da rile, ya bi ta makunnin da ke jin ƙarfin man inji, yadda famfo zai tsaya da zarar inji ya tsaya.

Zafi da ƙura

A watannin Mayu da Yuni zafin Arlit yakan wuce digiri 40. Wani sashe na fetur yana soma tafasa a daidai wannan zafi, ya zama tururi cikin tiyo, famfon jikin inji kuwa ba ya iya jan tururi. Alamar ita ce mota ta yi tafiya lafiya da asuba, ta mutu da rana, ta sāke tashi bayan ta huce. A nisanta tiyo daga bututun hayaƙi, kuma kada a toshe tiyon da ke mayar da mai tanki, domin zagayawar mai tana sanyaya shi. Jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo yana iya kai direba gari na gaba.

Man da ake saye a kwalba ko jarka a bakin hanya yakan zo da rairayi. A tace shi da tsumma mai tsabta, a sa matatar mai kafin famfo, a riƙe wata a ajiye cikin mota. A duba ƙofar shaƙar iska ta tanki: idan ta toshe, mai ba zai fita ba, kuma za a ji iska ta ruga ciki lokacin buɗe murfi.

Kafin a biya makanike, a cire tiyo daga bakin kafireto a sa cikin kwalba. A cire wayar da ke kai wa kwil wuta don kada inji ya kama, sannan a murza makulli. Mai ya fito a tsanake, ba kumfa, ba feshi. A yi wannan a fili, inji da sanyi, nesa da taba da murhun shayi.