Matsalolin sitiyarin mota: alamominsu da gyaransu

Da yawa daga cikinmu a zango da mota muke neman abinci, ko tasi, ko tororo, ko motar kaya. Sitiyari kuwa ba ya lalacewa rana ɗaya, sai ya fara nuna alama. Ga alamomin da muka fi gani, da abin da ke kawo su.

Sitiyari ya yi nauyi. Mu fara da duba iskar tayoyin gaba, domin taya mara iska tana sa shi tauri. In iska ta cika, sai mu duba man sitiyari da bel ɗin da ke juya famfonsa. Kukan da ake ji lokacin juyawa yawanci ƙarancin mai ne. Mu zuba irin man da aka rubuta a murfin ko a littafin motar. Kada a zuba man birki, yana lalata robobin ciki. Sababbin motoci da yawa sitiyarinsu na lantarki ne, ba su da wannan mai. A irinsu batir, altaneta da fiyus ake fara dubawa.

Mota tana ja gefe ɗaya. Ko iskar tayoyi ba daidai ba ce, ko alaimen ya goce bayan faɗawa rami, ko birki ya riƙe ƙafa ɗaya. Taya da ta cinye ta gefe guda shaidar gocewar alaimen ce.

Sitiyari yana rawa. In a gudun kilomita 80 zuwa 100 yake yi, galibi balansin taya ne. In kuma sai an taka birki, faifan birki ne ya lanƙwashe.

Sitiyari ya yi sako-sako. Wannan ita ce mafi haɗari. A ɗaga motar da jak, a kama tayar ta dama da hagu a girgiza. In ta yi wasa, tayarod ne ko rak. In ta sama da ƙasa take wasa, boljoin ne ko boris. Tayarod da ya cire a kan hanya yana raba direba da ikon motarsa nan take.

Ƙas-ƙas a kwana. Joyin ɗin shaf ne, sau da yawa robarsa ce ta yage, giris ya zube, ƙasa ta shiga.

Wajen gyara, tayarod da boljoin canza su ake yi, ba a walda, ba a bubbuga su da guduma don su matse. In za mu sayi kaya a Abossey Okai a Accra ko Suame Magazine a Kumasi, mu tafi da tsohon ko lambar shasin motar. Bayan canza tayarod ko rak, dole a sake alaimen.

Matasanmu direbobi, kada mu jira ranar gwajin DVLA. Mota mai sako-sakon sitiyari a kai ta wurin fita kafin a ɗauki fasinja ko ɗaya. Allah ya kiyaye hanya.