Mazarƙwaila: Sana'ar Da Ba Ta Son Gaggawa

Ni mutumin Janfalan ne, a ƙasar Ikara, inda yaro kan san zaƙin rake tun bai san baƙi da wasali ba. Tun ina ƙarami nake ganin doki yana kewaya injin matse rake, ruwan yana tsiyaya cikin mazubi. Amma sai da na shigo jami'a na tambayi kaina, shin ina asalin wannan sana'a?

Rake dai tsohon amfanin fadama ne a ƙasar Zazzau. Matse shi da inji kuwa baƙon abu ne. Masu tarihi suna danganta shi da zaman da 'yan mishan na CMS suka yi a Gimi, cikin ƙasar Makarfi, wajen shekarar 1914, zamanin Likita Miller. A cikinsu akwai wani malami, Thompson, mutumin tsibiran Karebiyan, inda aka daɗe ana dafa sukari. Cutar barci ta watsa zaman Gimi, amma sana'ar ba ta watse ba. Manoma suka karɓe ta, ta bazu zuwa Makarfi da Kudan da Ikara.

To, ya mai karatu, dubi yadda aikin yake. Idan an matse rake, sai a zuba ruwan cikin babban kasko, a hura wuta da busasshen raken da aka matse, watau ba abin da ake yarwa. Mai dafawa zai tsaya sa'o'i yana kwashe kumfa yana juyawa. In ya sauke da wuri, ba za ta daskare ba. In ya makara, ta ƙone ta yi ɗaci. Kakana ba ya duba agogo. Ƙanshi da kaurin ruwan a jikin muciya su ne ma'auninsa. Daga nan a zuba cikin 'yan kwanoni, a bari ta sha iska.

Da masana'antar Bacita ta fara fitar da farin sukari a 1964, ga kuma na ƙasashen waje ya cika kantuna, sai mazarƙwaila ta zama abin ƙauye a idon 'yan boko irinmu. Duk da haka ba ta mutu ba. Yau injin mai ya maye gurbin doki a wurare da yawa, kuma ban ga laifin wannan ba, don ya rage wahala. Sai dai inji matsewa kawai ya iya, bai san lokacin saukewa ba.

Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Ilimin nan ba ya cikin littafi, a idon tsofaffi da hancinsu yake, ga shi kuwa suna ta ƙarewa. Hausawa sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in an yi hutun rani, kowa ya je bakin kasko ya zauna, ya tambaya, ya rubuta. Allah Ya sa mu dace, amin.