Haruffa masu ƙugiya tsakanin Python da C: taƙaitaccen tarihi

A wannan maƙala za mu duba yadda kalmar Hausa take ƙetarewa daga harshen kwamfuta na Python zuwa harshen C da ke aiki a ƙarƙashinsa. Abin da ya jawo hankalinmu shi ne matanin da ake tarawa daga Magarya da Dungas. Tsarin rubutun Nijar na 1999 ya tabbatar da harafin ƴ, alhali a Daura da Ɓaɓura, ƙetaren iyaka, 'y ake rubutawa.

Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a Amurka wajajen 1972, zamanin da harafi ɗaya daidai yake da bayit ɗaya. Ƙa'idar ISO 8859-1 ta 1987 ta ba é da ç gurbi cikin bayit ɗin, amma ta bar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a waje. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ya gaji wannan hali. Sai a 2000 ya sami nau'in matani na Unicode, a 2008 kuma ya raba matani da bayit gaba ɗaya.

Canjin da ya fi shafarmu shi ne na 2012, wato Python 3.3. Daga nan ana ajiye kowane matani da bayit 1 ko 2 ko 4 ga kowane harafi, gwargwadon harafinsa mafi girman lamba. Kalmar Faransanci "été" bayit ɗai-ɗai take ci. "Ƙasa" kuwa bibbiyu, saboda ƙ kaɗai. Saboda haka C ba ya iya karanta ta kai tsaye a matsayin jerin bayit. Yakan nemi kwafi ta hanyar PyUnicode_AsUTF8, a tsarin UTF-8 na 1992. A nan lissafi yake saɓawa: "ƴaƴa" haruffa 4 ne ga Python, bayit 6 ga C, "'ya'ya" kuwa 6 ne ga duka biyun. Manhajar da ta yanke kalma da ƙidayar bayit tana iya tsaga ƙ gida biyu, wadda ta zubar da ƙugiya kuma ta mai da "baƙi" "baki".

Sannan kwafin nan aro ne, abin da a ganinmu ɗalibai suka fi mantawa. Mallakar Python ne. Da zarar ƙidayar masu riƙe da matanin ta kai sifiri, sai ya share shi da kwafinsa, C kuma ya ci gaba da nuna gurbin da aka riga aka ba wani.