Yadda hular kwano ta shiga wasan allo mai taya, ta fita, ta sake dawowa

A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Coco Yoshizawa ta Japan, 'yar shekara 14, ta ci zinare a rukunin titi na wasan allo mai taya da hular kwano a kanta. Manyan maza kuwa, a kan irin matakalar nan da ƙarafunan nan, sun yi ta dira da hana-salla, wasu ma ba hula sam. Dokar gasar ce ta yarje musu: a rukunin titi, wanda bai kai shekara 18 ba shi ne ake tilasta wa, a rukunin kwarin siminti kuma kowa sai ya sa. Likitoci na cewa siminti ba ya tambayar shekaru, 'yan wasa na cewa a bar su da al'adarsu. Wannan rabuwa tana da asali, kuma a ganina ba inda mutane suka fi nema take ba.

Farkon labarin ba shi da daɗin bi. Ana ba da labarin wani ɗan Beljiyam, John Joseph Merlin, da ya shiga wani biki a Landan wajen 1760 a kan takalmi mai taya yana goga kayan kiɗa, ya rasa yadda zai tsaya, ya afka wa wani katafaren madubi. A 1863 James Plimpton ya fito da takalmi mai taya huɗu a Amurka, aka shafe kusan shekara ɗari ana wasa da shi, yawancin masu hawa ba su damu da wata kariya ba. Shi allon, a Kalifoniya ya yi ƙarfi a shekarun 1950, lokacin da yara ke cire tayoyin takalmi su kafa a jikin katako. Tayoyin na ƙarfe ne, daga baya na wani busasshen haɗi mai tauri, tsakuwa guda ta isa ta tsayar da allo cak ta wurga mai shi gaba. A 1965 abin ya zama yayi har mujallar Life ta sa Patti McGee a bangonta, tana tsaye da hannu a kan allo, kai ƙasa. Likitoci suka yi ca, garuruwa da dama suka haramta wasan, kasuwar ta faɗi kafin shekara ta fita. A lura da kyau: gargaɗin likitoci haramci ya haifar, bai haifar da hula ko makarin gwiwa ba.

Shekarun 1970 ne suka canza komai. Frank Nasworthy ya kawo tayoyin roba masu kama ƙasa wajen 1973, sai kuma fari ya afka wa Kalifoniya a 1976 da 1977, masu gidaje suka bar kwamin ninkayarsu ba ruwa. Samari irin su Tony Alva da Jay Adams suka riƙa tsallaka katanga suna hawa bangon kwamin har baki. Faɗuwa daga can sama ba irin faɗuwar titi ba ce. Aka fara aron hular 'yan wasan ƙanƙara, da makarin gwiwar 'yan ƙwallon raga, da safar hannun lebura.

A 1976 aka buɗe filayen wasan na kuɗi, ciki har da na Carlsbad, kafin wani lokaci sun bazu ko'ina a Amurka. Nan ne inda nake ganin asalin maganar yake. Mai fili ba zai buɗe ƙofa ba sai da inshora, kamfanin inshora kuma ba zai sa hannu ba sai an tilasta kayan kariya. Saboda haka yaro ya zo da kuɗinsa, in ba hula ba makari, ko ya yi haya a bakin ƙofa ko ya koma gida. Wannan tilas ce ta buɗe wa kamfanoni irin su Pro-Tec da Rector kasuwa.

Makarin gwiwa ya cancanci a tsaya a kansa. Na farkon tsumma ne da soso. Da ya taɓa siminti sai ya cije, ya zame zuwa ƙwauri, fatar gwiwa ta tafi. A ƙarshen shekarun 1970 aka ɗora masa ƙoƙon roba mai tauri da santsi. Daga nan ɗan wasa in ya ga dabara ta ƙwace masa a sama, sai ya harbar da allon gefe, ya sauko da gwiwa biyu, ya zauna kan dugadugansa, ya ɗan kwanta baya, ya sulale bisa gangaren har ƙasa, ya miƙe ya sake hawa. Makari ya tashi daga kayan tsoro ya zama kayan aiki, da shi ake koyon abin da ba a iya ba. Shi ya sa har yau ba a raina shi a wasan bango. Daren da Tony Hawk ya yi juyi biyu da rabi a sama a gasar X Games ta 1999, ya sha faɗuwa kafin ya dace, kuma a kan makarin nan ya yi ta sauka.

To, me ya cire hular? Amsar da aka fi bayarwa ita ce taurin kan samari da son nuna jarumta, ana kafa hujja da mujallar Thrasher da ta fito a 1981 tana kambama rauni da jini. Ban musanta tasirinta ba, amma ta zo ne a baya. Inshorar da ta kawo hula ita ta kore ta. Kuɗinta ya yi ta hawa har masu filaye suka gaza, zuwa farkon shekarun 1980 an rushe yawancinsu. Yara suka koma titi, inda ba ƙofa ba mai gadi. Can kuma wasan ya zama na ƙafa, ana buga allo ya tashi ya juya, makari mai kauri yana hana gwiwa lanƙwasa, faɗuwar kuma ta kusa ce, ana mirginawa a tashi. Su Alva sun fi kowa taurin kai, duk da haka hotunansu a filayen kuɗi da hula suke. Norwe ma ta gwada nata maganin, ta haramta allon ɗungurungum daga 1978 zuwa 1989, yara suka riƙa kafa gangarensu a ɓoye cikin daji.

Sauran kayan sun biyo nasu yayin. Da takalmi mai tayoyi a jere na Rollerblade ya cika tituna, karayar wuyan hannu ta yi yawa, domin duk mai faɗuwa hannu yake fara kaiwa. Wani bincike da aka buga a 1996 a New England Journal of Medicine ya nuna makarin wuyan hannu na iya rage raunin wurin da kashi 87 cikin ɗari, na gwiwar hannu kashi 82. Da sikutar Razor ta yara ta ɓarke a 2000, sai aka ce hula da makaran gwiwa, amma ban da na wuyan hannu, don yana hana riƙe kan sikuta da kyau. Kalifoniya ta wajabta hula ga 'yan ƙasa da 18 a kan allo da takalmi mai taya da sikuta daga 2003.

Sikutar lantarki ta haya ta maimaita tsohon darasi. Babu ƙofa, waya kawai ake latsawa a hau. Binciken asibitoci biyu a kudancin Kalifoniya da ya fito a 2019 ya duba mutum 249: kashi 40 raunin kai ne, masu hula kuma ba su kai kashi 5 ba. A shekarar ne jihar ta cire wa manya dokar hula a kan wannan sikuta, Italiya kuma ta ɗora wa kowa ita a ƙarshen 2024. Doka ba mai tsaron ƙofa dai mun san ƙarshenta a nan gida; a 2009 da aka matsa wa 'yan acaɓa, wasu ƙwarya suka kifa a ka.

Ita kanta hular ba duka ce hula ba. Ta zamanin da roba ce da soso mai laushi, tana hana ƙujewa amma ba ta shanye bugu mai ƙarfi. Ta yanzu tana da farin soso mai tauri a ciki, wanda ke murƙushewa ya karɓi bugun a madadin kai. 'Yar wasan allo Sky Brown ta faɗo daga gangare a 2020, ƙoƙon kanta ya tsage duk da tana sanye da hula, ta warke ta ci tagulla a gasar Olamfik ta Tokyo tana da shekara 13.

Yanzu takalmin taya ya shigo garuruwanmu, ana ganin samari suna maƙale bayan mota da Keke Napep. Uban da zai saya wa ɗansa, ya haɗa da hula tun ranar farko, ya leƙa cikinta ya ga tambarin gwaji, CPSC da ASTM F1492 ko EN 1078. In ta taɓa shan bugu mai ƙarfi, a jefar da ita a sayi wata, ko da ba a ga tsaga ba.