Indomin da Ke Ƙarƙashin A-kori-kura

In a-kori-kura ta fara kasa hawa, ana taka totur tana noƙewa, abin da bakanike zai ce shi ne, "Alhaji, indomi ce ta toshe." Yana nufin tulun ƙarfen nan na jikin bututun salansa, wanda ke ɗauke da dunƙulen tangaran mai dubban ƙananan ƙofofi. Masu fasa shi suka ga ya yi kama da ƙullin taliyar Indomie, wadda asalinta Indunusiya ne, sunan kuwa ya zauna daram a garejin Nijeriya.

Sunan ya dace da siffar, amma bai faɗi komai game da aikinta ba. Masana kimiyya suna kiran abin da ke cikinta katalis, daga kalmar da Berzelius, mutumin Suwidin, ya ƙirƙiro a 1835. Katalis sinadari ne mai hanzarta sauyi ba tare da shi kansa ya ƙare ba. A nan ƙarafa uku ne masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, aka shafa a bangon ƙofofin domin su rage dafin hayaƙi. Tunda ba ƙarewa suke yi ba, dokar Amurka, inda na'urar ta bazu daga 1975, ta ɗora wa kamfanonin mota garantinta na shekara 8 ko mil 80,000. Wadda ta mutu da wuri, wani abu ne ya kashe ta.

Injiniyoyi sun fi mu rarrabe sunayen mutuwar. Akwai wadda suke kira shan guba. A da dalmar cikin fetur ce ke yin ɓarnar, kafin a daina zuba ta. Yanzu injin mai shan baƙin mai ne, domin tutiya da fosfaros na man suna lulluɓe ƙarafan, haka ma ruwan lagireto in gasket ta ƙone. Akwai narkewa, wadda a ganina ta fi cin motocin lodi: fulogi ɗaya ya mutu, ɗanyen fetur ya gangara ya kama da wuta a cikin tangaran, direba kuma ya ci gaba da tafiya da buhunan da suka fi ƙarfin mota, fitilar gargaɗi na ƙyaftawa. Sai tsagewa, ko daga dukan dutse a hanyar ƙauye, ko shiga kududdufi da salansa mai zafi.

Mu duk wannan "toshewa" muke ce masa, kuma kalmar ita ke jan hannun bakanike zuwa ga guduma. A farfashe tangaran, a zubar ko a sayar wa masu neman ƙarafan (su kam sun san darajarta), mota ta sake numfashi. Wanda ya sayi sabuwa bai canza fulogi ba, bai duba na'urar auna iskar hayaƙi ba, kwamfutar gwaji za ta sake nuna masa P0420, lambar da ke cewa indomi ta gaza.